Shanun Haladu da Alhajin Cikin Waya

Kuɗin motar da ya kai ni Legas maraƙi ne. Ku da kuke zaune nan kowa da waya a hannu, lokacin yawancinku kuna firamare, ba za ku tuna shi ba. Ja ne mai farin goshi. Kakana na wajen uwa ne ya ba ni shi kyauta shekarar da zai bar duniya, ya kuma ba taubashina Haladu, ɗan Kawu Idi, wani baƙi ramamme wanda in iska ta kaɗa sai ka ga yana tangaɗi. Kowa a Toranke ya san ni aka fifita a rabon nan. Na ja nawa zuwa kasuwar Gaya na sayar, na sayi jaka da takalmi sau-ciki, sauran na ƙulle a lalita na ɗaura a ƙugu kamar tsohon falke. Haladu ne ya rako ni tasha. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "To bawana, in ka yi kuɗi kar ka manta da ubangidanka." Na ce masa ya koma ya yanko wa gawarsa ciyawa kafin ta faɗi. Har muka haye gadar Wudil tausayinsa nake ji.

Baƙin maraƙin nan shi ne asalin shanun huɗar Haladu guda biyu, waɗanda duk mai gona a unguwarmu yake bin layinsu da damina. Labarinsu zan ba ku, da yadda saura ƙiris wani mutum da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa ya haɗiye su ta cikin waya. Na san abin da ake faɗa a bayan idona, wai hassada ce ta buɗe mini baki. Ban zo wanke kaina ba. Amma sai kun ji abin da na gani a Legas za ku gane sauran.

A Agege na sauka, wajen wasu 'yan garinmu masu tura ruwa. Sunana Sabi'u a tasha ya tsaya, daga nan kowa Aboki yake ce mini. Gidan da muka kama ɗaki irin mai dogon lungun nan ne, ƙofa tana kallon ƙofa, in maƙwabcinka ya yi atishawa kai za ka goge fuska. Mai kula da gidan wani tsoho ne da ake kira Keyateka. Na daɗe ina zaton sunansa na yanka ke nan, har na taɓa tambayar wani ko Keyateka sunan Musulmi ne, ya yi ta dariya ya ce aikinsa ne. Rigimarmu da shi kullum ɗaya ce, ruwan alwala. Ya ce muna jiƙa masa siminti, gansakuka tana fitowa, matarsa ta kusa zamewa. Na ce, Baba, to a ina zan wanke ƙafa, a kan rufi? Ya ce in koma garinmu in wanke. Na ce a garinmu yashi ne ke shanye ruwan kuma bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Da wata ya ƙare ya ƙara mana kuɗin ruwa, 'yan ɗakinmu suka daina yi mini magana sai da na sayo musu burodi.

Na tura ruwa, na yi dako, na yi gadi, na yi acaɓa har aka hana a unguwannin da ake samun na kirki. Duk tsawon wannan, in na kira Inna ran Juma'a, gaisuwa ba ta gama sauka sai ta sako Haladu. Baƙin nan ya murje ya zama sa. Ya sayar da shi ya sayi 'yan bijimai biyu. Ya hore su. Ya sayi garma. Ya haɗa amalanke yana kai wa mutane taki gona. Ya yi rufin kwano. Ita da zuciya ɗaya take faɗa, ɗan ƙaninta ne, amma ni ina tsaye a bakin kwata da jarka a hannu, kowace kalma kamar an ɗiga mini ruwan zafi a wuya. Har na koyi cewa katina ya kusa ƙarewa da zarar na ji ta ce, af, ka ji kuwa. Ranar da ta gaya mini an sa bikinsa, shinkafa da wake na saya da kifi, ko loma ban ci ba, na miƙa wa na kusa da ni.

Daga baya na samu aikin da suke kira dispas. Babur ne da akwati a baya, kai kuma da riga mai walƙiya kamar ɗan kwana-kwana. Mai baburan wani Oga ne mai ƙaton ciki, bai taɓa kiran sunan kowa ba sai lambar akwatinsa. Aikin shi ne mutum ya sayi kaya a waya, kai ka je shagon ka karɓo ka kai masa gida. Mutanen can ba su da lokacin kasuwa. Takalmi, leshi, tukunya, har miya a waya suke saya. Sai a turo maka abin da suke cewa lokeshan, wani jan ɗigo ne a taswirar waya, ka yi ta bin sa kamar akuya ta hango kwanon dusa.

A wannan aikin na fara sanin akwai shagon da babu shi. Wata mai sayar da abinci ce ta biya kuɗin injin markaɗe a wani shago da ta gani a waya, ta ba ni adireshi, lamba kaza, hawa na biyu. Na sha gosulo har rana ta take. Da na isa babu bene ko ɗaya a layin, lambar kuma shagon aski ce mai kujera ɗaya. Mai askin ko ɗagowa bai yi daga kan da yake yi ba, ya ce markaɗe ko firji? Na ce markaɗe. Ya ce jiya firji aka zo nema, kafin nan gashin mata. Ya nuna mini bango, ashe har ya gaji ya rubuta da gawayi cewa nan aski kawai ake yi. Na kira lambar shagon, wata murya mai daɗi ta ce oga ya yi tafiya, in ɗan jira. Na sake kira, waya a kashe. Matar ta fashe da kuka, daga kukan ta koma cewa ni na karɓa na ɓoye.

Na koma na gaya wa Oga, ya ce man da na ƙona a kuɗina zai cire.

"Oga, kai fa ka tura ni."

"Na tura ka ka kawo kaya. Ina kayan?"

"Babu shagon."

"Babu shago, babu kuɗin mai."

"Ni na rushe shi?"

Ya ce in ba na so in ajiye makulli, ga wasu Abokan can bakin ƙofa suna jira.

Tunda cikina ne ke biyan man, dole na koyi duba shago kafin in tayar da babur. In kastoma ya kira sai in ce ya fara turo mini shafin in gani. A hankali ido ya buɗe. Na ƙarya duk kamanninsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. A hoto kayansu sun fi na kowa kyau, a kuɗi sun fi na kowa araha, arahar da ko ɓarawo ba zai sayar haka ba. Kullum saura guda biyu, kullum yau ce ranar ƙarshe. Sunan shago daban, sunan da ke kan asusun da za ka tura kuɗi daban. Ka duba ƙasan hoton ka ga masu yabo sun yi layi, kowa na gode kaya sun iso, babu ko mutum ɗaya da ya ce an kawo masa a makare ko kalar ba ita ba ce. Ku gaya mini, akwai ɗan kasuwar da ba a taɓa yi wa ƙorafi ba? Ko mai shayin nan da muke zaune a bencinsa, wace rana ce ba a ce ya tsuga ruwa ba? Kar ka harare ni, malam, ƙaro mini rabi. Akwai wata mai jakunkuna da nake yawan ɗaukar kayanta, shagonta bai fi akurkin kaji ba, masu zaginta a shafi sun kusa kai masu yabo. Amma ka ce ta nuna maka jaka, nan take za ta kira ka ta bidiyo, ta ɗaga jakar, ta ambaci sunanka, ta zagaya da kai shagon har ka ga maƙwabta, ta ce in ka ga dama ka biya in kaya sun shiga hannunka. Na ƙarya kuwa, kyamararsa kullum a lalace take.

Abin da ya dawo da ni gida ba dogon labari ba ne. Wata motar haya ce ta goge ni a kan gada, babur ya yi raga-raga, ƙafa ta yi watanni ba ta taka ƙasa ba, Oga ya riƙe abin da na tara a wajensa ya ce na gyara ne. Na shigo Toranke bayan duk shekarun nan da jaka ɗaya, da hular kwano, da waya mai fasasshen gilashi. A bakin gari amalanken Haladu ya tarar da ni ina ɗingishi. Ya tsaya ya ce in hau. Da ƙafata lafiya take, wallahi da ban hau ba. Na zauna a kan buhunan taki ina kallon bayan shanun nan, sun yi ɓul-ɓul, fata tana sheƙi kamar an shafa musu mai, shi kuma yana ta tambayata wai da gaske ne a Legas gida kan hau kan gida. Ya sani sarai. Bakina yake son ji.

Zaman gida ya gagare ni, kun dai sha ganina ina zagaye gari ba dalili. Kuma duk lungun da na bi sai na ci karo da abin Haladu. Ko rumbunsa, ko kwanonsa yana haska mini ido, ko 'yarsa ta rugo tana ce mini Baffan Legas ina tsaraba.

Ana haka sai ga maganar injin sola. Haladu yana da fili a fadama, yana noman rani, albasa da tumatir, amma fetur ɗin injin ban-ruwa yana cinye masa riba. Wani ya nuna masa shafi a waya, ga babban inji mai aiki da hasken rana, da farantansa, da tiyo, har da kawowa gida kyauta. Kuɗin bai kai rabin yadda ake faɗa a Kano ba, amma duk da haka sai an sayar da shanun biyu zai isa. A lissafinsa rani ɗaya zai mayar da su har da ƙari. An riga an yi magana da dillali, ran kasuwar Gaya mai zuwa za a kai su, a tura kuɗin daga can.

A zauren Kawu Idi na ji, bayan la'asar. Ana ta miƙa wayar Haladu hannu zuwa hannu ana masha Allah, ni ne na ƙarshe da ta iso. Kafin nan ya kunna mana saƙon muryar mai shagon, wani da suke kira Alhaji. Cikakkiyar sallama, ina iyali, yaya aka ji da zafi, yaya dabbobi, Hausa tsantsa irin tamu ba gargada. Ya ce mahaifiyarsa 'yar Kademi ce, shi ya sa ya yi ragin, ba ya iya cin riba da mutanen gida. Ya rantse da Allah amana ce tsakaninsa da mu. Ashe ma sun yi magana da Kawu ta waya, Kawu ya taya, Alhaji ya ce ya sallama, Kawu ya ce Allah ya sa albarka.

A Legas ban taɓa cin karo da wannan salon ba. Na can da Turanci suke zuwa. Wannan ya san mu. Ya san in ka ce wa dattijo uwarka 'yar garin kusa ce, ka gama da shi. Amma shafin, shafin dai shi ne. Bai daɗe da buɗewa ba. Saura inji biyu. Masu yabo a jere. Asusun da za a tura kuɗi da sunan wata mace. Shago wai a Kano yake, ga shi a gefen hoton ana ganin gindin motar haya ruwan ɗorawa irin ta Legas, irin wadda ta karya ni.

Na ce, "Kawu, wannan shagon babu shi."

Haladu ne ya fara dariya. Ya ce, "Bawana, kai fa tunda ka dawo, ko kazata ce ta yi ƙwai cewa kake ruɓaɓɓe ne." Kowa ya kwashe. Kuma ba sharri ya yi mini ba, don na taɓa cewa rufin kwanonsa zai dafa shi da bazara, na kuma ce tayar amalankensa ɗaya ta karkace. Na daure na nuna musu motar da ke hoton, wani ya ce ai mota tafiya take yi. Na ce to a kira shi ta bidiyo ya nuna injin, ko a ce sai kaya sun sauka a Toranke a biya. Nan fuskar Kawu ta sauya. Ya ce mutum ya rantse maka da Allah, ya kira ka ɗan'uwa, sannan ka ce ya nuna maka fuskarsa? Ai ka kira shi maƙaryaci ke nan. Ya ce ciniki ya riga ya faɗa, shi tun yana saurayi bai taɓa tayar da ciniki ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ya rufe da cewa, "Je ka huta da ƙafarka, Sabi'u."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta ce kar in raba ta da ƙaninta, in ba zan iya taya yaro murna ba in ja bakina in yi shiru.

Na kuwa yi niyyar shirun. Na ce a raina, a sayar ɗin, mu dawo daidai, shi ba sa ni ba sa. Na ɗan jima ina tsotsar wannan tunanin, kuma yana da zaƙi, kar wani ya ce muku ba shi da shi. Abin da ya ɓata mini shi, wata safiya na bi ta bayan gidansu na ga shanun a turke suna cin harawa. Na tsaya. Sai na hango wani ƙato a wani ɗaki mai fanka, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ko igiyar sa bai taɓa riƙewa ba, shi ne zai cinye su a zaune. Ni da na yi shekaru ina kiwon shanun nan a zuciyata tun daga Agege, ko kofato ban samu ba. Haladu dai ya yanki ciyawa, ya kwashe kashi, ya sha harbi. Wannan fa, me ya yi? Kishin da nake yi da Haladu ya tashi gaba ɗaya ya koma kan Alhajin.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, na koma wajen Kawu. Wannan karon na durƙusa sosai, ban kuma ambaci ƙarya ko zamba ba. Na ce abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Mutum ɗan gida, uwarsa 'yar Kademi, ya yi mana wannan ragin, sai mu tura masa kuɗi ta waya kamar baƙo? Kamata ya yi in an sayar da shanun a je har shago a gaishe shi, a riƙa masa ɗan man shanu da zabi, a damƙa masa kuɗinsa hannu da hannu, ya sa wa Haladu albarka. Kawu ya gyara zama, ya ce yanzu na yi magana irin ta 'ya'yan mutane. Haladu yana ta kallona ta gefen ido, ya san akwai wani abu, amma ba shi da bakin cewa kar a girmama Alhaji. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, ka saurara, cewa zai yi ya yi tafiya.

Kawu ya kira, aka buɗe murya kowa yana ji. Ya gama bayaninsa na zuwa gaisuwa. Sai muka ji muryar Alhaji ta karye. Inna lillahi, wai yanzun nan aka kira shi, Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa, shago a rufe yake, kar mu wahalar da kanmu, a tura kuɗin kawai yaransa za su loda kaya. Haladu ya juyo ya dube ni, irin kallon ka gani, ba tafiya ba ce. Ni kaina na ɗan rikice. Kawu kuwa tuni ya shiga salati, yana Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Ya ce a Kademi za a zauna ke nan? Alhaji ya ce e, e, a can ne, ya kashe da sauri.

Ina jin a inda yake zaune, in ka ce an yi maka rasuwa, Allah ya jiƙa ake cewa a ajiye waya. Ya manta da wa yake magana. Kawu Idi fa, mutumin da ke zuwa ta'aziyyar wanda suka taɓa haɗa kujera a mota sau ɗaya. Kafin wani ya ce uffan ya shiga gida ya sako babbar riga da hula, ya ce Haladu ya aro babur. Ni na tuƙa, don ko ba komai wannan kam na fi kowa iyawa. Kawu a tsakiya, Haladu a baya yana riƙe da ƙullin goro.

Hanya ba kusa ba, ga yashi. Muka isa Kademi ana shirin azahar, muka tsaya a ƙofar masallaci, Kawu ya yi sallama ya tambayi gidan rasuwa. Dattawan wurin suka dubi juna. Suka ce rasuwar ƙarshe da aka yi wani tsoho ne, kuma tuni an yi sadakar arba'in an watse. Duk da haka suka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Aka shiga lalubo matan garin da suka yi aure a Kano, wace ce ke da ɗa mai sayar da injina. Har aka aika wajen wata tsohuwa da ta san auren kowa, ta aiko cewa ita dai ba ta san wannan ba. Kawu bai saki ba, ya ce wataƙila a ƙauyukan gefe ne. Ya ce Haladu ya kira masa Alhaji.

"Alhaji, ga mu a Kademi, ƙofar masallaci. Wace unguwa ce?"

Alhaji ya ce, "Wa ya ce ku zo?" Muryar ta bushe ƙamas, babu alamar kukan ɗazu.

"Subhanallahi. Sai an ce mu zo, Alhaji?"

Sai ya dawo da lallashi, wai an mayar da zaman Kano, mu koma gida, Allah ya ba da lada. Bai tsaya nan ba. Ya ce, "Shanun dai gobe ne ko? Da kun tura ku turo mini shaida, don akwai wani yana ta damuna a kan injin."

Kawu ya sauke wayar daga kunne ya zuba mata ido. Wani dattijo da ke gefensa ya tambaya a hankali, wai wannan ne wanda uwarsa ta rasu yau? Kawu ya mayar da wayar kunne ya ce, "Alhaji, faɗa mini sunan marigayiyar da na mahaifinta, tunda mun taru mu yi mata addu'a a nan."

Ƙit. Aka sake kira, a kashe. Haladu ya duba shafin, an toshe shi, ko hoton injin ba ya iya gani.

Kawu ya kwance goron ya raba wa dattawan, ya ce tunda an riga an zauna, a yi addu'a ga duk Musulmin da suka riga mu. Aka ɗaga hannu aka yi, aka shafa, muka yi azahar da su, muka kamo hanya. Sai a wani wuri da yashi ya kama taya muka sauka muna turawa, Haladu ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba, "Da gobe war haka..." Bai ƙarasa ba. Muka ci gaba da turin babur.

Da safe dillali ya zo da igiyarsa, aka dama masa fura aka sallame shi. Yadda labarin ya bazu a gari kuwa, kun fi ni sani. Zumuncin Kawu Idi ne ya ceci shanu. Da bai je ta'aziyya ba da an yi asara, ku ga ladan zuwa gaisuwa tun a duniya. In sunana ya fito a ciki, to a matsayin wanda ya tuƙa babur ne. Haladu ya ci gaba da injinsa na fetur, ya ce in an yi kaka zai shiga Kano ya ga na sola da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ni kuma in raka shi in riƙe masa jaka. Haka ya faɗa, a gaban mutane. Da ruwan farko ya sauka, gonar Inna ya fara yi wa huɗa kafin ta kowa, na miƙa masa ɗan abin da ke aljihuna ya ce bawa ba ya biyan ubangidansa.

Kai da na ga kana nuna wa na kusa da kai takalmi a waya tun ɗazu, kar ka ɓoye, na gani. Ka ce ya kira ka ta bidiyo ya ɗaga takalmin ya faɗi sunanka. Ka duba sunan da ke kan asusun. Ka ce sai ya iso ka biya, ko ka tura wani naka ya ga shagon. In ya rantse maka, ka ce ka yarda da rantsuwarsa, amma dai ya nuna. Ba kowa ke da kawun da zai hau babur ya je masa ta'aziyya ba.

Ku janye ƙafafunku daga hanya, ƙarar amalanken nake ji. Daga fadama suke. An ce a cikin shanun, na daman nan har ya ƙara ƙiba, wai in yana tafiya tozonsa rawa yake yi. Ku duba ku gaya mini in gaskiya ne. Ni bari in juya wajen bango, shayina bai ƙare ba.